Takardar yaro mai kilo 12: mil nawa zan rubuta, kwalba nawa zan bayar?

Ɗalibar Samaru

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ɗaliba ce ni mai koyon aikin taimaka wa famasis, yanzu muna zaman sanin makamar aiki a wani ɗakin magani a nan Zariya. A aji lissafi yana fita sumul, amma ga layi, ga uwa saɓe da yaro yana tsala kuka, sai kai ya ɗaure. Ga irin takardar da ba ta yankewa da damina:

Yaro ɗan shekara 2, kilo 12
Susp Amoxicillin 250mg tds x 5/7
Syr PCM 180mg tds x 3/7
Tab A/L 20/120 i bd x 3/7

Amoksisilin ɗin da ke kanta 125mg/5ml ne, kwalbar mil 100. Farasitamol akwai sirof 120mg/5ml mai mil 60, akwai kuma na ɗigo na jarirai. Mil nawa zan rubuta wa uwar a kan kowanne, kwalba nawa kuma zan ba ta? Sannan daga karɓar takarda zuwa miƙa magani, me ake fara dubawa? Allah ya saka da alheri.

Baban Hanifa, Tudun Wada

Wa alaikumus salam. 'Yata, ajiye kalkuleta tukuna, karatun takardar ake farawa da shi.

Ki fara da mai takardar. Kada ki ce "shi ne Abdullahi?", domin wanda ya gaji da layi ko wane suna kika kira zai ce miki e. Ki ce "yaya sunansa?" ki bar ta ta faɗa. Idan ɗan fari ne, uwa da yawa a nan ba za su kama sunan ba saboda alkunya, to kada ki takura ta, ki tambayi 'yar rakiya ko ki gwada lambar kati da ta takardar. Lambar ma ta fi sunan tabbas, don a layi ɗaya sai ki samu A'isha Muhammad uku. Sai kwanan wata da sa hannun wanda ya rubuta. Takardar maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka rubuta wata biyu baya ba a sake cika ta don wai ciwon ya dawo. Mai ita likita zai koma.

Takardar yaro kuwa in babu nauyi, ba ta cika ba. Shekaru ba sa wadatarwa, ɗan shekara 2 mai tamowa yana iya zama kilo 7, sa'ansa kilo 13. In ya ƙi tsayawa kan sikeli, a auna uwar ɗauke da shi, a auna ta ita kaɗai, a cire. Daga nan tambaya biyu: ko wani magani ya taɓa sa shi borin jini, ƙaiƙayi ko kumburin leɓe, musamman dangin fenisilin tunda amoksisilin ɗan gidansu ne; da kuma me aka riga aka ba shi kafin a zo. Kusan kullum an biya ta kyamis an sayo farasitamol ko maganin mura, kuma da yawa daga magungunan mura akwai farasitamol a ciki. In ba ki tambaya ba, yaron zai sha ninki biyu.

Gajerun kalmomin nan dole ki haddace su: od sau ɗaya a rana, bd sau biyu, tds sau uku, qds sau huɗu, nocte da dare, stat yanzu-yanzu sau ɗaya tak, prn in buƙata ta taso. Abin da ke kan 7 kwanaki ne, kan 52 makonni, kan 12 watanni. Wato 5/7 kwana 5, 2/52 mako 2, 3/12 wata 3. Ƙaramin i ƙwaya ɗaya, ii biyu. Rubutun da bai karantu ba, ba a cankarsa. Akwai chlorpropamide na ciwon suga da chlorpromazine na taɓin hankali, akwai carbamazepine na farfaɗiya da carbimazole na maƙoƙo; a hannun likitan da ya duba mutum sittin, kamarsu ɗaya. Haka ɗigon lissafi: .5mg yana komawa 5mg in ɗigon ya ɓata, 1.0mg yana komawa 10mg. Duk inda zuciyarki ta yi ɗar, famasis za ki kai wa.

To lissafi. Hanya ɗaya ce ko da wane sirof ne: abin da likita yake so, ki raba da abin da ke rubuce a kwalba, ki ninka da mil ɗin da wannan adadin yake ciki.

Amoksisilin: 250 raba 125, biyu ke nan, sau mil 5, mil 10 a kowane sha. Sau 3 a rana kwana 5, sha 15, jimla mil 150. Kwalbar mil 100 guda ɗaya ba ta kai ba, biyu za ki bayar. A nan aka fi yin ɓarna: a ba da kwalba ɗaya a ce "cokali ɗaya sau uku", yaro ya sha rabin abin da aka rubuta, ciwo bai tafi ba a ce maganin jabu ne. Da a ce mai 250mg/5ml kike da shi, mil 5 ne kawai, jimla mil 75, kwalba ɗaya ta isa, ga sauƙin bai wa yaro, sau da yawa ga sauƙin kuɗi. Shi ya sa ba a rubuta mil sai kwalbar tana hannunki kin karanta ƙarfinta da idonki, ko da jiya kin ba da irinta, don sito na iya kawo wani ƙarfin a kwali mai kama da na da.

Farasitamol: 180 raba 120, ɗaya da rabi, sau 5, mil 7.5. Sha 9 ne a kwana 3, mil 67.5, wato kwalbar mil 60 ta gaza da sha ɗaya daidai. Wannan bai kai amoksisilin nauyi ba, tunda na sauke zazzaɓi ne ba mai kashe cuta ba, amma ki sanar da famasis ya yanke ko a ƙara kwalba. Na ɗigon nan kuma ki yi hattara da shi. Yawanci 100mg ne a mil ɗaya kacal, don haka 180mg mil 1.8 ne. In uwa ta ɗauki mil 7.5 ɗin sirof ta auna da na ɗigo, yaro ya sha 750mg, ya haura ninki huɗu, kuma hanta yake ci, ba ya nuna alama a ranar farko.

Bayan kin fitar da mil, ki juya ki auna abin da aka rubuta da nauyin yaron. Farasitamol 10 zuwa 15mg ne a kowane kilo, tazarar awa 4 zuwa 6, kada ya wuce sau 4 a awa 24. Kilo 12 sau 15, 180, daidai. Amoksisilin 750mg a rana raba 12, kusan 62mg a kilo, yana cikin abin da aka saba. In ki ka ga an rubuta wa yaro irin wannan 500mg bd kada ki firgita, ma'aunin limoniya ne na Hukumar Lafiya ta Duniya ga mai kilo 10 zuwa ƙasa da 14. Idan dai lissafinki ya nuna ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ba naki ba ne ki gyara. Hukumar PCN, mai kula da aikin harhaɗa magunguna a ƙasar nan, wadda za ta yi miki rajista, a ƙarƙashin kulawar famasis ta ajiye ki. Ke ki gano, shi ya kira likita.

Maman Sadik, Sabon Gari

Baban Hanifa ya gama da takarda, bari in ɗora daga inda kwalba ta bar kanta, don lissafin da ya fita daidai yana iya lalacewa a gida.

Ƙanwata, garin amoksisilin in da hali ke ki haɗa kwalbar farko a gaban uwar. Ki bubbuga gindin kwalbar garin ya saki, don wanda ya daskare a ƙasa ba ya narkewa daga baya. Ruwan da aka tafasa ya huce sarai, ko ruwa mai tsabta na gora. Ki zuba kamar rabin hanya zuwa layi, ki rufe, ki girgiza sosai, ki jira kumfa ya kwanta, sannan ki cika zuwa layin kina kallonsa daidai da idonki. Wanda ya cika zuwa layi tun farko, in garin ya narke ruwan ya sauka ƙasa, sai maganin ya fi ƙarfin da ke rubuce. Wanda ya cika har wuya kuma ya tsinka shi. Ruwan zafi daga fulas yana lalata shi. Wasu kwalaben ba su da layi, mil ɗin ruwan aka rubuta a kwali, sai a auna. Ki rubuta ranar da aka haɗa a jiki. Kwana 7 shi ne abin da aka fi rubutawa, amma ki bi na kwalin. Kwalba ta biyu a bar ta a gari: ta farko sha 10 ce, kwana 3 da sha ɗaya, in ta ƙare sai a haɗa ɗayar. Ragowar mil 50 ɗin zubarwa ake yi, ba a ajiye wa ƙaninsa.

Maganar firji kuwa, kin san halin wutarmu. Amoksisilin zalla yana jure wuri mai sanyi na 'yan kwanakin nan, kusa da randa, nesa da taga da murhu. Wanda aka haɗa da clavulanic acid, mai 228mg ko 457mg a mil 5, shi ba ya jurewa, sai firji. In ya sha zafi za ki ga ya rine ya yi duhu. Ki tambayi uwa ko suna da wuta kafin ki miƙa mata shi, musamman a Maris da Afrilu. In babu, ki faɗa wa famasis tun tana tsaye.

Kalmar "cokali" ki cire ta daga bakinki. Cokalin shayi na wani gida bai kai mil 3 ba, na wani ya haura 7, wata kuma na cin shinkafa za ta ɗauko. Murfin awo yana da layin 2.5, 5 da 10, wasu babu 7.5, don haka ki ba ta sirinjin mil 10 marar allura, ki ja layi da biro a kan 7.5, ki nuna mata na amoksisilin kuma cikewa ake yi zuwa 10. A girgiza kwalba kafin kowane awo. A zaunar da yaro, a tura a hankali ta gefen kumatu. Ɗura irin ta toshe hanci a kwantar da yaro ki hana ta kai tsaye, maganin yana iya bin hanyar numfashi.

Lokaci: in kika ce "safe, rana, dare", za a ba shi ƙarfe 8, 1 da 7, a bar awa 13 babu komai. Ki ɗaure shi da abin da ba a mantawa. Sau uku: bayan asuba wajen 6, bayan azahar wajen 2, sai lokacin kwanciya wajen 10. Sau biyu: asuba da magariba.

Na maleriyan, wato A/L (artemether/lumefantrine), Baban Hanifa bai taɓa shi ba, kuma bd ɗin da ke kansa yana yaudara. A/L 20/120 da nauyi ake bayarwa: kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya 1, 15 zuwa ƙasa da 25 ƙwaya 2, 25 zuwa ƙasa da 35 ƙwaya 3, daga 35 ƙwaya 4. Yaronki ƙwaya 1 ne sau 6, ƙwaya 6 ke nan. Amma sha na biyu bayan awa 8 ne da na farko, ba 12 ba. In ya sha ƙarfe 2 na rana, na biyu ƙarfe 10 na dare, sai safe da yamma kwana biyu. Yana son maiƙo kafin jiki ya ɗauke shi da kyau, don haka a haɗa da nonon uwa, madara ko kunun gyaɗa. Ya yi amai cikin rabin awa, a sake ba shi, ta dawo ta karɓi cikon wadda aka rasa. In yana amayar da komai, ko yana jijjiga, ko ya kasa shan nono, ba na ƙwaya ba ne kuma, asibiti za su koma nan take. Ga manya kuma ki lura da mai 80/480, ƙwaya ɗaya ce ta tsaya a madadin huɗu. Wanda ya saba da "huɗu safe huɗu yamma" sai kin faɗa masa sau biyu.

Kowane magani da ambulan ɗinsa da sunansa da ƙarfinsa. Wadda ba ta karatun boko ki zana mata, ko a rubuta da ajami in kin iya. Kada ki tambaye ta "kin gane?", e za ta ce. Ki miƙa mata sirinjin ki ce "Maman yaro, nuna min inda za ki tsaya."

Ɗalibar Samaru

Na gode Baba, na gode Anti, wallahi na ƙaru. Saura biyu. Idan sirof ya ƙare, ana iya raba ƙwayar manya ko a buɗe kafso a dama wa yaro? Sannan takardun da ke zuwa daga ɗakin kwanciya, na allura da ƙarin ruwa, masu alamar kashi cikin ɗari, su ma wannan lissafin ne?

Malam na Ƙofar Doka

Lissafin ɗaya ne, 'yata, sai dai kuskuren allura ba ya ba da lokacin gyara.

Raba ƙwaya tukuna. Wadda aka tsaga mata layi a tsakiya, don a raba aka yi ta. Wadda aka rubuta wa SR, XR, CR ko retard, kamar nifedipine retard na hawan jini, an gina ta ne ta riƙa sakin magani kaɗan-kaɗan na tsawon awanni. In aka daka ta, na yini guda ya shiga jini lokaci ɗaya, jinin mutum ya faɗi. Mai EC an lulluɓe ta don ta wuce tumbi ba ta narke ba, ko don kada ta ci tumbin kamar diclofenac, ko don kada ruwan tumbi ya kashe ta. Ƙananan ƙwallayen da ke cikin kafson omeprazole ma haka, ba a taunawa. Kafson amoksisilin 500mg kuwa ba za ki iya raba garinsa biyu daidai da ido ba, ga ɗaci. Abin da aka yi don wannan shi ne amoksisilin DT 250mg, mai narkewa a ɗan ruwa ko nonon uwa cikin cokali, ba ya son firji. Ga yaron takardarki ƙwaya 1 ce sau 3, guda 15, amma canza sirof zuwa ƙwaya sai da yardar famasis.

Akwai kuma waɗanda ba na baki ba ne sam, kuma ana haɗiye su saboda an ji nauyin yin bayani. Na matsi irin clotrimazole, da na cusawa ta dubura irin na basir, ki faɗi inda ake sa su da Hausa ƙarara, ki sassauta murya. In namiji ne aka aiko, ki rubuta a jiki. Maganin ɗigon ido kwana 28 ne bayan buɗewa, ɗigo ɗaya ya ishi ido, bakin kwalbar kada ya taɓa gashin ido. Ciprofloxacin da dangin tetracycline ba a haɗa su da fura da nono, maganin ƙarin jini ko na olsa mai alli, a ba da tazarar aƙalla awa 2. Kin ga saɓanin A/L da Hajiya Maman Sadik ta ce a haɗa da madara, don haka babu jawabi ɗaya da ake yi wa kowa. Methotrexate sau ɗaya ne a mako; duk takardar da ta ce kullum, ki tsayar da ita.

Kashi cikin ɗari: 1% yana nufin giram 1 a mil 100, wato 10mg a mil ɗaya. Ki ninka lambar da 10 kawai. Lidocaine, mai kashe zafi, 2% 20mg ne a mil, ruwan suga 50% 500mg a mil, magnesium sulphate 50% na masu jijjigar haihuwa shi ma 500mg a mil, saboda haka giram 5 mil 10 ne. Ruwan gishiri 0.9% giram 9 ne a lita. Adrenaline 1:1000 1mg ne a mil. Giram 1 miligiram 1000, miligiram 1 maikirogiram 1000, digoxin 0.25mg da 250mcg abu ɗaya ne.

Atesunet na allura, na maleriya mai tsanani, shi za ki fi gani da damina. Wanda bai kai kilo 20 ba 3mg a kilo, daga 20 zuwa sama 2.4mg a kilo, a farko, bayan awa 12, bayan awa 24, sannan sau ɗaya a rana. Kwalbar 60mg ana fara zuba mata mil 1 na bicarbonate ɗin da ke cikin kwalin, a girgiza har ruwan ya washe. In ya ƙi washewa a yar. Sai a ƙara mil 5 na ruwan gishiri in ta jijiya ce, ya zama 10mg a mil, ko mil 2 in ta tsoka ce, 20mg a mil. Yaro mai kilo 12 36mg ne, mil 3.6 ta jijiya. Kwalba ɗaya za ki bayar a kowane lokaci, uku ke nan na awa 24 ɗin farko, domin wanda aka haɗa cikin awa ɗaya ake amfani da shi, ragowar ba ya jiran allura ta gaba. Babba mai kilo 60 144mg ne, kwalba 3 a kowane lokaci. Akwai samfuri mai ruwan haɗi ɗaya tak, don haka ki karanta takardar cikin kwali.

Ceftriaxone, allurar kashe ƙwayoyin cuta, yana zuwa iri biyu: mai ruwan allura zalla, da mai lidocaine 1% na tsoka kawai. Mai lidocaine ba ya shiga jijiya. Ba a kuma haɗa shi da ƙarin ruwan Ringer's lactate saboda kalsiyam ɗin da ke ciki.

Insulin ki duba kwalba ki duba sirinji. U-100 yuniti 100 ne a mil, kwalbar mil 10 yuniti 1000. Mai yin 20 da safe 10 da yamma, 900 ne a kwana 30, kwalba ɗaya ke nan, kuma wadda aka buɗe wajen mako 4 take yi. In aka ja U-100 da sirinjin U-40 zuwa lamba 20, rabin mil aka ja, yuniti 50, ninki biyu da rabi. Likitan da ya rubuta 10U kuma ki tabbatar, don U ɗin nan tana komawa sifili.

Ƙarin ruwa nas ce ke saitawa, amma za a tambaye ki a jarrabawa. Yawan mil sau ɗigon igiyar, raba mintuna. Igiyar manya yawanci ɗigo 20 ne a mil, ta yara 60, yana rubuce a ledarta. Mil 500 a awa 6: 500 sau 20, 10,000, raba 360, ɗigo 28 a minti. Da igiyar 60, mil nawa a awa shi ne ɗigo nawa a minti.

Baban Hanifa, Tudun Wada

Malam, Allah ya ƙara sani. Hajiya Maman Sadik, wuri ɗaya zan ɗan ja da ke: asuba da magariba sun yi wa bd, amma a ce wa mutum ƙarfe nawa ma, domin tsakanin magariba da asuba ba kullum yake awa 12 ba, kuma ba duk mai zuwa layi ne yake lissafi da salla ba, musamman can wajenku Sabon Gari da Wusasa. Da azumi kuma mai tds kada a bar shi ya tattara uku tsakanin buɗa-baki da sahur. A mayar da shi wurin likita ko akwai na sau ɗaya ko biyu.

'Yata, abin da ya rage shi ne dubawar ƙarshe kafin ki miƙa. Sunan magani da ƙarfinsa ki karanta lokacin ɗaukowa, lokacin rubuta ambulan, da lokacin mayar da kwali. Ranar lalacewa in wata da shekara kawai aka rubuta bayan EXP, ƙarshen watan ake nufi, kuma ki tabbatar ba zai ƙare a hannun mai shan na wata uku ba. A kanta, mai kusan lalacewa shi ne a gaba, ko da shi ya zo daga baya. Lambar NAFDAC da lambar rukuni a shigar da su littafin sito. A 2008 da sirof ɗin haƙoran yara My Pikin ya gurɓata da gubar diethylene glycol, yara 84 suka rasu a ƙasar nan, har Zariya abin ya shafa. In irin haka ta taso, da lambar rukuni ake bin sawun abin da aka sayar. Tramadol, diazepam da pentazocine suna da kabad mai makulli da littafinsu, kuma famasis ne ke da alhakinsu. Tramadol mai 200mg ko 225mg ba ya cikin wanda aka amince da shi, sirof ɗin tari mai kodin kuma gwamnati ta hana tun 2018.

Gwada wannan: jaririya kilo 8, farasitamol 15mg a kilo. Nawa a sirof, nawa a na ɗigo? Sai kuma prednisolone 30mg od 5/7, 20mg od 5/7, 10mg od 5/7, ƙwayar 5mg ce a kanta.

Ɗalibar Samaru

Kilo 8 sau 15, 120mg. Sirof mil 5, na ɗigo mil 1.2. Prednisolone 6 sau 5, 4 sau 5, 2 sau 5, ƙwaya 60.

Maman Sadik, Sabon Gari

Duka daidai. Mil 1.2 ɗin ki duba bututun da ya zo da kwalbar ko yana da wannan layin, in babu ki ba da sirinjin mil 2. Prednisolone ɗin kuma kada ki zuba 60 a ambulan ɗaya. Ambulan uku, 30, 20 da 10, ki sa musu lamba 1, 2, 3 da ranar da za a fara kowanne, a sha da safe bayan karin kumallo.